Fitilar iskar taya ta ƙi mutuwa a motar lantarki

Ɗan Sabon Gari:
Salamu alaikum yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka min. Ina da Nissan Leaf ta 2015, ta hannu ce, daga Amurka ta fito ta Kwatano, wata bakwai tana hannuna lafiya lau sai satin da ya wuce na taka ƙusa hanyar Tibiri na kai ta wajen wani mai faci ya cire tayar ya gyara ya maida. Tun ranar fitilar nan ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki take kunne a tablo. In na kunna motar sai fitilar ta yi ta kyaftawa kamar minti guda, sannan ta tsaya cak a kunne. An auna tayoyin duka huɗu iska daidai. Wani yace in cire kan ƙaramin batiri in maida, na yi, ba abin da ya canja. Mi ke faruwa ne?

Direban Tasawa:
Wa alaikumus salam. Malam sanyi ne kawai. Yanzu hunturu ne, da asuba sanyi da rana zafi, kuma iskar taya tana raguwa wajen 0.1 bar duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10. Ka sa a ƙara maka da safe kafin ka yi tafiya, ba bayan tayar ta ɗau zafin kwalta ba.

Mai Garaji:
Direba maganarka gaskiya ce amma ba ita ce cutar motar wanga bawan Allah ba. In iska ce ta ragu fitilar kamawa take yi kai tsaye ba kyaftawa. Wadda ta yi ta kyaftawa minti guda sannan ta tsaya, tana gaya maka kwamfutar motar ta daina jin muryar ɗaya daga cikin na'urorin da ke cikin taya.

Kowace taya akwai wata yar na'ura manne da gindin bawul daga ciki, ita ke auna iska ta aika wa mota ta rediyo. Masu facinmu da yawa ba su san da ita ba, sai su zura ƙarfen ɓanɓare taya daidai wajen bawul su murƙushe ta, in ta karye kuma su sa bawul ɗin roba na kullum su yi shiru. Je ka duba bawul ɗin tayar da aka taɓa ka kwatanta da sauran ukun. In duk iri guda ne to wataƙila batirin na'urar ne ya ƙare, dama shekara 5 zuwa 10 yake yi kuma a liƙe yake ba a canja shi, sai dai a canja na'urar gaba ɗaya, motar 2015 kuwa ai ta kai.

Inda mutane ke asarar kuɗi wajen saye ne. Yawancin motocin Amurka na wancan lokacin zangon rediyo na 315 MHz suke amfani da shi, na Turai 433 MHz, a ido kamarsu ɗaya amma in ka sa na Turai motarka ba za ta taɓa jin ta ba ko shekara za ka yi kana yawo. Kuma bayan an sa sabuwa sai an yi mata rajista a kwamfutar motar ta wajen OBD, wato soket ɗin da ake jona na'urar duba mota, cire kan batiri ba ya yin wannan aikin.

Abokin Kowa:
Kai jama'a duk wannan wahala saboda yar fitila? Ni baƙin salatif na manna ma tawa 😂 da can da mi muke gane taya ta sace, ba da ido ba?

Mai Garaji:
Ido ba ya gani sai abu ya yi nisa ɗan uwa. Ita kanta fitilar sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 take kamawa, kuma a lokacin tayar tana nan tsaye kamar ba komi. Amurka ba don ado suka wajabta ta ba tun 2007, fashewar taya ce ta kashe musu mutane da yawa. Ga motar lantarki da nauyin batiri, taya mai laushi tana cin caji, kuma Leaf ta Amurka ba ta zuwa da safaya, ka yi tunanin ta fashe maka tsakanin Maradi da Dan Isa cikin zafin Afrilu. Malam ka bi abin da ke rubuce jikin ƙofar direba, 36 psi ne, wato wajen kilo 2.5 a ma'aunin masu facinmu.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya saka da alheri Mai Garaji, wallahi kamar kana wajen. Na duba, bawul ɗin tayar baya ta dama daban yake. Na koma wajen yaron ya tono min abin cikin gwangwanin ƙusoshi ya rabe biyu, wai ya ɗauka datti ne ya maƙale. Na ɗauki hoton lambar da ke jiki zan aika wa ƙanena Kano ya nemo min irinta. To rajistar fa, sai na kai motar Yamai?

Mai Garaji:
A'a, ba sai ka yi wannan doguwar tafiya ba. Manhajar LeafSpy Pro a waya da ɗan abin da ake jonawa a OBD mai Bluetooth sun isa, za ka sa wa kowace taya iska daban yadda ya nuna maka, ka ɗan zagaya gari har ta gane su, sannan ka maida iskar daidai. Ranar sa sabuwar dai ka tsaya kansa da kanka.