Wanda Maciji Ya Sara: Lallashi Ne Ko Gori?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman fahimtar 'yan'uwa game da karin maganar nan da ke cewa, "Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu." Shekara shida da suka wuce an tsayar da ni in yi jawabi a taron ma'aikata, sai harshena ya sarƙe, takardar da ke hannuna ta riƙa karkarwa har na layin gaba suna gani, na sauka ban ƙarasa ba. Na yi ta gwadawa bayan nan har na saba. Watan jiya aka ɗora ni a kan shugabancin sashenmu, ranar da zan jagoranci zama na farko kuwa sai ga bushewar baki da rawar hannu sun dawo kamar ba su taɓa tafiya ba, zuciyata tana raya mini cewa kuskure aka yi da aka zaɓe ni. Da na ba wata abokiyar aikina labari, wannan karin magana ta jefo mini. Lallashina ta yi, ko gori?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki dubi inda maganar ta fara. Ba a ce matsoraci ba, ba a kuma ce rago ba, an ce wanda maciji ya sara, wato tun kafin a ambaci gudun an riga an shaida cewa saran ya auku, dafin kuma ya shiga jiki. Sannan ba kowane tsumma aka ce ba, baƙi aka ce, wanda in yana yashe a duhu ido zai iya ɗaukarsa maciji. A fahimtata uzuri ake ba mai gudun, ana cewa tsoronsa yana da asali.

Mai Koyar da Tuƙi:
Malam, a gafarce ni, ni nauyin maganar a kan tsumman nake ganinsa. Abin da ya sa mutumin gudu ba ya sara, ba ya ko motsi, saboda haka akwai jan kunne a ciki. A wajen aikina na sha haɗuwa da waɗanda suka taɓa yin haɗari, su koyi tuƙi su ƙware, amma ran da babbar mota ta matso su a hanya sai ƙafa ta kasa taka birki daidai, washegari su ce sun haƙura. Da wannan karin magana suke kare kansu, wasu su ƙara da "da muguwar rawa gwamma ƙin tashi", alhali rawar tasu ba muguwa ba ce. Hausawan da suka yi wannan magana su ne kuma suka ce faɗuwar gaba asarar namiji. Ina jin tsoron kada lallashi ya zame wa mai tambaya wurin fakewa.

Ɗalibar Nazarin Halayyar Ɗan Adam:
Yaya mai tambaya, abin da ya same ki sananne ne a fagen karatunmu. Masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya saba wa karnuka jin wani sauti kafin a ba su abinci har suka riƙa zubar da yawu da jin sautin kaɗai. Da ya ci gaba da kaɗa sautin babu abinci sai yawun ya ɗauke, amma bayan an bar su sun huta sai ya sake dawowa. Masu binciken da suka zo bayansa sun tarar haka tsoro yake: idan mutum ya saba da abin da yake tsoro, tsohon darasin bai goge daga ƙwaƙwalwa ba, sabon darasi ne ya hau kansa ya danne shi, kuma sauyin wuri ko tsawon lokaci ko matsin rayuwa na iya ɗaga na ƙasan. Sabon muƙami sauyin wuri ne babba, don haka dawowar tsoron ba ta nuna cewa wahalar shekara shida ta tashi a banza ba.

Batun cewa kuskure aka yi da aka zaɓe ki shi ma an rubuta a kansa. A 1978 Pauline Clance da Suzanne Imes, masana biyu a Amurka, sun bayyana halin mata sama da 150 masu manyan digirori da matsayi, waɗanda duk da haka suke danganta nasararsu ga sa'a ko kuskuren masu zaɓe.

Abin da ya fi burge ni shi ne Albert Bandura na Jami'ar Stanford da macizai na gaske ya yi aiki. Masu tsananin tsoron maciji yake kawowa, su fara kallon wani yana riƙe da shi daga nesa, sannan su matso, su taɓa da safar hannu, daga baya da hannu tsirara. Daga nan ya kafa ra'ayinsa na 1977, cewa babu abin da ke gina yarda da kai kamar mutum ya ga ya aikata abin da hannunsa. Wannan ya ƙarfafa maganar mai koyar da tuƙi, domin duk gudun da aka yi wa tsumma ƙara masa kama da maciji yake yi.

Tsohon Malami:
Na karɓi gyaran, amma ban yarda a ɗora wa mai tambaya "faɗuwar gaba asarar namiji" ba, ba don ita mace ce kawai ba. Gaba ba ya neman izinin mai shi kafin ya faɗi, kuma an ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wanda aka koya wa jin kunyar tsoronsa ɓoye shi zai yi, ba zai nemi taimako ba. Akwai kuma abin da muka tsallake duka: wani lokaci abin da ke yashe a hanya macijin ne da gaske. Idan shakkar ta ce miki, "Ba ki iya karanta kasafin kuɗin sashe ba," ta nuna giɓin da za a iya cikewa da koyo, sai a gode mata. Idan kuwa cewa take yi, "Ke ba kowa ba ce," ba ta nuna komai ba. Ba a rarrabe su sai an tsaya an haska fitila.

Mai Tambaya:
Na gode, Baba, na gode 'yan'uwa. Daren jiya na zauna na rubuta abubuwan da zuciyata ke faɗa mini, suka kai bakwai. Biyu ne kawai suka ambaci wani aiki takamaimai, tsara jadawalin ma'aikata da sasanta saɓani a tsakaninsu, kuma na riga na roƙi wanda ya riƙe kujerar kafin ni ya zauna da ni a kansu. Zama na gaba ranar Litinin ne. Na yanke shawarar zan miƙe in buɗe shi da kaina, takardar kuma a kan tebur zan ajiye ta.