Me ya sa a sofbol wani laifin ake kashe ƙwallo (tsayar da wasa) nan take, wani kuma a jira?

SabonAlƙali:
Salama alaikum, manya. Ina koyon alƙalancin sofbol na jifan sauri, wasa mai kama da besbol inda ake doka ƙwallo da sanda a zagaya bes, wato wuraren tsayawa huɗu, na ƙarshensu shi ne gida. A wasan Asabar mai tsaro ya tare wa mai gudu hanya tsakanin bes na biyu da na uku, ba ƙwallo a hannunsa. Babban alƙali ya miƙe hannun hagu kawai, wasa ya ci gaba. Can anjima mai gudu ya bangaji mai tsaron da ke ƙoƙarin ɗaukar ƙwallon da aka doka, sai alƙalin ya ɗaga hannu biyu, komai ya tsaya. Ai duka karo ne. Ina bambancin?

TsohonHannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Duba wanda ya yi laifin. In masu dukan ƙwallo ne, wato ɓangaren mai gudu, ka kashe ƙwallo nan take, mai gudu ya fita, sauran su koma bes ɗin da suka taɓa na ƙarshe. In masu tsaro ne, miƙe hannun hagu gefe, ka dunƙule shi, ka bari a ƙarasa. Kana tsayar da wasa da wuri ka yi wa mai laifi gata ke nan, don wataƙila wanda aka tare zai kai gida da ƙafarsa. Sai in an fitar da shi kafin bes ɗin da ka ga zai kai, sannan ka kashe ƙwallo ka ba shi bes ɗin. Haramtaccen jifa ma haka ake jinkirta shi.

AntiMaiHorarwa:
Malam ya gama magana. Nawa roƙo ne: don Allah ku daina kashe ƙwallo bayan jifa huɗu marasa kyau, lokacin da ake ba mai duka bes na ɗaya! Tana raye. Yarinyata na iya zarcewa bes na biyu. Abin lura shi ne da'irar mai jifa, ƙafa 8 daga tsakiya. Ƙwallo na hannun mai jifa a ciki, mai gudun da ta tsaya tsakanin bes biyu dole ta zaɓi gaba ko baya nan take, in ta yi jinkiri ta fita.

SabonAlƙali:
Na gode, Anti. To wanda ya bar bes kafin ƙwallo ta bar hannun mai jifa fa?

TsohonHannu:
A dokar USA Softball, hukumar sofbol ta Amurka, ƙwallo ta mutu, jifan bai ƙirgu ba, mai gudu ya fita. A NCAA ta jami'o'in Amurka jinkirtawa ake yi. Tambayi littafin da gasarku ke bi kafin a fara. Kuma in ka kashe ƙwallo, ba mai motsi sai alƙalin da ke bes na gida ya nuna mai jifa ya ce a ci gaba.