An mayar da ni aiki Ikeja: me zan duba kafin in ɗebo iyali daga Kano?

Abban Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Wurin aiki sun mayar da ni Ikeja ta Jihar Legas, zan kama aiki farkon watan Agusta. Iyalina mace ɗaya da yara biyu: babbar shekararta biyar, za ta shiga aji ɗaya na firamare a Satumba, ƙaramin kuma watansa bakwai. Ina so in fara zuwa in ga wuri da idona kafin in ɗebe su, amma hutun da zan samu bai wuce kwana huɗu ko biyar ba. Yanzu muna tsakiyar Mayu. Yaushe ya fi dacewa in je, wace unguwa zan fara da ita, me zan duba a gidan haya? Kuma in tafi da maiɗakina ko in bar ta da yara? Masana Ikko a taimaka.

Ɗan Agege ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa canjin ya zama alheri.

Ka je tsakanin tsakiyar Yuni da farkon Yuli. Lokacin ne ruwan sama ya fi ƙarfi a Legas, kuma ruwa shi ne ke tona asirin unguwa. Layin da ka gani tsaf da rani, da damina sai ka naɗe wando ka shiga. Kada ka bari sai Agusta, domin ruwan yakan tsagaita a watan kafin ya dawo a Satumba da Oktoba, sai ka ga ƙasa a bushe ka ɗauka haka take kullum.

Kwanakin ma ka zaɓe su. Ka sauka ran Lahadi da yamma, ka koma ran Alhamis ko Juma'a. Wanda ya zo Asabar ya koma Lahadi bai ga Legas ba, ya ga hutunta ne kawai. Kuma kada ka sauka a otal ɗin da ke maƙwabtaka da ofis. Ka kwana a unguwar da kake tunanin zama, ran Litinin ka fito ƙarfe shida da rabi na safe, ka hau abin da za ka riƙa hawa kullum, ka duba agogo daga ƙofar gida har ƙofar ofis. Da yamma ƙarfe biyar ka sake gwadawa zuwa gida. Ka rubuta minti da kuɗin mota, ka ninka kuɗin sau 22. A Legas ba a auna nisa da kilomita, da lokaci ake aunawa. Abin da taswirar waya ta nuna maka minti 15 da tsakar dare yana iya cin awa ɗaya da rabi da safe.

Ga mai aiki a Ikeja, unguwannin da hankali zai ɗauka su ne Agege, Ogba, Ifako-Ijaiye, Iju, Dopemu da Abule Egba. Agege tsohuwar matattarar Hausawa ce tun zamanin fataucin goro, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai da Islamiyyu, kayan miyarmu ba ka nemansu da wahala, mahautar Oko-Oba ma tana nan kusa. Jirgin ƙasa na cikin gari da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Iju da Agege da Ikeja, sai dai ka je tasha ka ga jadawalinsa da kanka, ba kowane lokaci yake tashi ba. Shi da manyan motocin bas na BRT na layin Abule Egba zuwa Oshodi duk da katin biyan kuɗin mota na Cowry ake hawa, ka yanki ɗaya ranar farko. Ka kuma sani tun 2022 an hana acaɓa a ƙaramar hukumar Ikeja, don haka kada ka gina lissafinka a kan cewa in ka makara za ka ɗare babur.

Unguwa biyu ko uku sun ishe ka a kwana huɗu. In ka ce sai ka zaga shida, a cikin danfo, ƙananan bas ɗin haya na Legas, hutun zai ƙare.

Alhaji Mai Gidaje ya amsa:

Ɗan Agege ya gama maganar lokaci. Ni kan gidan da kuɗinsa zan tsaya, don a nan baƙo ke yin asara.

Haya a Legas ta shekara ce, kuma kuɗin da aka faɗa maka ba shi ne abin da za ka biya ba. A kansa akwai ladan dillali, wanda aka saba kashi 10 cikin 100, akwai kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, shi ma sau da yawa kashi 10, sannan kuɗin ajiya na ɓarna da ake cewa za a mayar maka ranar tashi. A ce hayar naira miliyan 1.5 ce: kafin a miƙa maka makulli ka tasar wa miliyan 1.8, ban da kuɗin ajiyar. In gidan cikin rukunin gidaje yake mai ƙofa da masu gadi, akwai kuɗin gadi da na kwashe shara daban. Saboda haka tambayarka ta farko ga dillali ita ce jimillar komai nawa, kuma ya rubuta maka ita dalla-dalla. Wasu dillalan suna karɓar kuɗin kai ka ganin gida tun kafin a taka ko'ina. Ku yi magana a kan gida nawa zai nuna maka da kuɗin, in ba haka ba ya kai ka kango biyu ya ce aiki ya ƙare.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA da dokar ta cire. Duk da haka za ka ji masu cewa sai shekara biyu. Ba dole ba ne ka yi musu da su, ka wuce gaba.

Damfarar da ta fi yawa iri ɗaya ce: a nuna wa mutum goma gida ɗaya, musamman wanda ake kan ginawa ko gyarawa, kowa ya biya, ranar tarewa a haɗu a ƙofa. Maganinta shi ne ka ga mai gidan ido da ido ko lauyansa a ofishinsa, ka tambayi tsofaffin 'yan hayar gidan wa suke biya, ka ga sunan ya zo daidai da na asusun bankin da aka ba ka. Kada ka ba da tsabar kuɗi a hannu, ka tura ta banki, ka karɓi rasit mai ɗauke da adireshin gidan da ranar farawa da ta ƙarewar haya. Akwai hukumar LASRERA da ke yi wa dillalan gidaje rajista, ka tambayi naka ko yana da ita. Gidan da aka ce "sati biyu za a gama", ka bar shi sai an gama.

Wajen dubawa, ka sunkuya ka kalli bango daga ƙasa zuwa gwiwa, ciki da waje. Layin da ruwa ya taɓa kwanciya ba ya ɓoyuwa, kuma in ka ga ƙasan bangon kaɗai aka yi wa sabon fenti, ka san dalili. Dokin ƙofa da aka ɗaga da bulo ɗaya ko biyu, da tsakar gidan da ta fi titi ƙasa, duk labari ɗaya suke bayarwa. Ka ɗaga kai ka ga silin ko akwai tabon yoyo. Ka leƙa kwatar layin, tana gudu ko ta tsaya. Ka tambayi inda sokawe yake da nisansa da rijiyar burtsatse. Sannan ka sallami dillali, ka dawo kai kaɗai da dare wajen ƙarfe tara, ka ji ƙarar janareta da lasifikar maƙwabta, ka ga ko ana kulle ƙofar layi da ƙarfe nawa. Labarin ambaliya kuwa wurin mai shago da mai wanki da guga ake samunsa, ba wurin wanda zai ci lada in ka biya ba.

Ka zo da tef na awo. Ɗakunan Legas ba su kai namu faɗi ba, matattakalar bene kuma ƙunci gare ta. Gadon ɗakin amarya da wadirof ɗinsa sau da yawa ba sa hawa.

Maman Sadik ta amsa:

Yaya, ka tafi da ita. Hanifa ta zauna wurin kakanni, jaririn ku tafi da shi tunda yana shan nono. Kai da safe za ka fita sai dare, ita ce za ta wuni a gidan. Ita za ta ga ko kicin ɗin yana da taga, ko akwai inda za a yi shanya, ko mace za ta iya fitowa tsakar gida ba tare da ta ci karo da mazan gidan yawa ba, da yadda za a hau da goyo da jarkar ruwa zuwa hawa na uku. In kuɗin jirgi na mutum biyu ya yi nauyi, ka fara zuwa kai kaɗai ka tace gidajen su koma biyu, ita ta zo kwana biyun ƙarshe. Hanyar mota kusan kilomita 1,000 ce, ba ta jariri ba ce don ziyarar kwana huɗu.

Makaranta ku je ana cikin karatu, a Yuni zango na uku bai ƙare ba. Ku isa lokacin tashi, ku ga yadda ake miƙa yara da wanda ake miƙa wa. Ku shiga banɗakin yaran, shi ke nuna tsaftar makaranta ba ofishin shugaba ba. Ku karɓi takardar kuɗi ta sabon ɗalibi gaba ɗaya, da rajista da yunifom da littattafai da motar makaranta, ku tambayi maganar hijabi a fili tun yanzu. Ku san cewa dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, har masu zaman kansu. Yarinya 'yar shekara biyar ba za ta sha wuya ba, ita ce ma za ta riƙa yi muku tafinta a kasuwa. Islamiyya kuma ku tambayi lokacinta, don bokon can yakan kai ƙarfe biyu ko uku kafin a tashi. Makarantar da yarinya za ta tsallaka babban titi ko layin dogo kafin ta isa, ku cire ta daga lissafi.

Jaririn zai cika wata tara a tsakiyar Yuli, ku yi masa allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau a Kano kafin ku tashi. Ta ƙyanda ta biyu, ta wata 15, za ta faɗo a Janairu kuna can, don haka ku nemi ƙaramin asibitin unguwar ku tambayi ranar rigakafinsu. Katin rigakafin a jakar hannu yake tafiya, ba cikin kayan da za a loda a mota ba. Ku kuma san babban asibitin da ya fi kusa, ko na Orile-Agege ko na Ifako-Ijaiye ko LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar da ke Ikeja, da hanyar da za ku bi da tsakar dare in an kulle ƙofar layi. In kana da inshorar lafiya ta wurin aiki, ka fara neman canjin asibiti tun kafin tashi, ba ranar da yaro ya yi zazzaɓi ba.

Sauro a can ba shi da rani ba shi da damina, kuma maganin kariyar zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina a Kano ba a rabawa a Legas. Ku duba ragar tagogi ɗaya bayan ɗaya. Danshi kuma yana sa takalmin fata da kayan cikin akwati su yi fumfuna. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa sai a roba mai murfi.

Injiniya Bello ya amsa:

Ƙari kan wuta da ruwa, da ɗan gyara ga Ɗan Agege.

Yankin duk na kamfanin wutar Ikeja Electric ne. Ka tabbata ɓangarenka yana da mitarsa ta kati shi kaɗai. Mitar haɗaka rigima ce ta kowane wata. Ka karɓi lambar mitar ka saya mata wutar naira 2,000 da wayarka. Rasit ɗin zai nuna maka rukunin samun wuta da layin yake, kuma in tsohon ɗan haya ya bar bashi za ka ga an zaftare wani abu daga kuɗin. Rukunin A alkawarinsa awa 20 a rana, amma tun Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗinsa ya haura naira 200, kusan ninki uku na sauran rukunan. B awa 16 ne, C awa 12. Alkawari ke nan a takarda, maƙwabta za su gaya maka abin da ke zuwa.

Ruwa kusan kowa da burtsatsensa. Ka tari ruwan famfo a farar roba ka ajiye ya kwana. In ya wayi gari da ja-ja a ƙasa ƙarfe ya yi masa yawa, zai ɓata fararen kaya da tayil. Ka tambayi wa ke biyan wutar tura ruwa tanki, da abin da ake yi in an kwana uku babu wuta.

Gyaran shi ne, zuwa a Yuni ba ya nuna komai da komai. Dillalai za su ja ka wajen Berger, Isheri, Kara da Warewa saboda sauƙin haya. Ambaliyar wannan yankin ba ta ruwan sama kaɗai ba ce, takan zo ne in an saki ruwan madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun, galibi wajen Satumba da Oktoba. A Yuni kana iya samun wurin lafiya lau. Sannan Akute, Alagbole, Arepo, Magboro, Ibafo da Mowe duk Jihar Ogun ce, dokar hayar da Alhaji ya ambata ba ta kai can ba.

Abban Hanifa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in na ga gidan da ya yi mini a wannan zuwan, in biya nan take ko in jira?

Alhaji Mai Gidaje ya amsa:

Gida mai kyau a Ogba ko Agege ba ya jiran mutum wata biyu, don haka ka zo da shirin biya. Amma sai ka ga mai gidan, ka gwada mitar, ka ga layin bayan an yi ruwa, maiɗakinka kuma ta amince. Ka roƙi a rubuta ranar fara haya 1 ga Agusta. Wasu za su yarda, wasu za su ce daga ranar da ka karɓi makulli, a nan sai ka auna asarar wata ɗaya da rabi da tsadar sake dawowa. In ɗaya daga cikin huɗun bai samu ba, ka kama ɗaki na wata ɗaya kai kaɗai a Agusta, ka ci gaba da nema bayan tashi daga aiki, iyali su biyo ka sati ɗaya kafin a koma makaranta a Satumba. Ran Alhamis da safe kasuwannin Legas a rufe suke har ƙarfe goma saboda shara, kada ka sa zagayen kasuwa a lokacin.