Mahaifina ba ya jin maganar talabijin, ko saundba da wufa za su magance?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar sauti. Mahaifina ya haura saba'in, jinsa ya fara ja baya, kuma ba abin da yake so da daddare kamar ya zauna ya kalli labarai da shirye-shiryen tarihi. Talabijin ɗin da na saya masa inci 55 ce, hoto tas, amma muryar mai magana a shaƙe take fitowa kamar daga cikin tulu. In na ƙara sauti don ya ji, da an sako kiɗa ko talla sai gidan ya ɗauka, yara su farka. In na rage, maganar ta ɓace. Jiya na same shi ya jawo kujera har gaban allon, ya kafa tafin hannu a bayan kunne. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

An ce in sayi saundba, wato doguwar sifikar da ake ajiyewa a gaban talabijin, mai zuwa da wufa marar waya, wato akwatin sifika na daban mai fitar da amo mai kauri. Shin za ta fito da magana, ko rugugi kawai za ta ƙara? A bayan talabijin ɗin akwai ramukan HDMI uku, ɗaya an rubuta ARC a gefensa, sai wani ƙarami mai kusurwa huɗu da jan haske a ciki. Wanne zan yi amfani da shi?

Mai gyaran kayan sauti:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Laifin ba na kunnensa kaɗai ba ne. Waɗannan siraran talabijin ba su da cikin da za a saka sifika ta kirki, ƙanana ake maƙalawa, galibi wat 10 kowace, kuma ƙasa ko baya suke kallo. Sautin sai ya bugi teburi ko bango kafin ya iso gare ku. Ko saundba mai sauƙi ka ajiye za ka ji bambanci, don ita fuskarka take kallo.

Amma ka riƙe wannan: wufa ba ta gyara magana. Aikinta amon ƙasa ne, tsawa, ganga, ƙugin mota. Haruffan da ke sa a gane kalma, irin su s da f da t, a siririn amo suke, can sama, kuma shi ne wanda tsufa ke fara ɗaukewa. Shi ya sa Baba yake jin ana magana amma ba ya tantance me aka ce.

To ka duba lambar da ke jikin kwalin. In ka ga 2.1, sifikar hagu da dama ce da wufa ɗaya. In ka ga 3.1, akwai sifikar tsakiya, wadda muryar mutane ce babban aikinta, kuma da yawansu za ka iya ɗaga ta ita kaɗai ba tare da kiɗan ya tashi ba. Ita nake ba ka shawara. Kada yawan wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe ya ja ka, sau da yawa ƙololuwar abin da na'urar ke kaiwa na ɗan ƙiftawar ido ne.

Batun haɗi, ramin ARC za ka sa. Tun 2009 aka shigo da shi cikin HDMI 1.4, don sauti ya koma daga talabijin zuwa sifika ta waya ɗaya. Amfaninsa a wurinka shi ne rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙarawa da ragewa, Baba ba zai yi fama da rimot biyu ba. Sai dai ka kunna CEC a saiti, wato tsarin da ke ba rimot ɗaya damar sarrafa na'urorin da aka haɗa ta HDMI, kowane kamfani da sunan da ya ba shi: Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Mai jan hasken nan oftikal ne, yana ɗaukar tsarin sauti na Dolby Digital lafiya lau, ka bar shi a madadin ko ARC ya yi gardama. Bluetooth kam kada ka haɗa talabijin da shi, yakan sa baki ya motsa kafin magana ta iso.

Uwar yara uku:

Malam ya gama magana a kan murya, ni wufar zan taɓa, don na sha wahalarta. Da aka ce marar waya na ɗauka ko'ina zan ajiye ta. Ashe tsakaninta da saundba ne babu waya, ita kanta sai an jona ta a soket. Ka fara duba inda kake da soket kafin ka saya.

Da farko a lungu na tura tawa, bayan kujera. Gilashin taga ya riƙa karkarwa, muryar maza ta yi kauri har ba a gane ta. Kusurwa tana ninka rugugi, bango biyu da ƙasa duk suna mayar da shi. Da na dawo da ita gaba, gefen teburin talabijin, na ja ta kamar taƙi ɗaya daga bango, na rage ta da maki biyu, sai komai ya zauna. Kuma ta riƙa yankewa lokaci-lokaci, har na yi niyyar mayarwa, ashe rautar intanet ce da ke kanta. Na matsar da rautar, shi ke nan.

Ka auna tsayin saundbar ma daga ƙasa zuwa sama. Tawa ta tare idon rimot da ke ƙasan allon, sai da na ɗora talabijin ɗin a kan katako.

Wani dattijo:

Yaro, Allah Ya yi maka albarka da kula da mahaifinka. Ni sa'ansa ne, kuma ina da irin wannan na'ura. Ban yarda sai da wufa ba. Mai kallon labarai ba ya buƙatarta, ni sau da yawa a kashe take. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne saitin dare, wanda ke danne ƙara mai ƙarfi ya ɗago maras ƙarfi, da saitin fito da murya. Ka tabbata wadda za ka saya tana da su biyun.

Sannan ka kai shi a auna masa ji. Ni wani ɓangare na matsalata dattin kunne ne da ya taru, likita ya cire cikin 'yan mintoci.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na ɗauko 3.1 ɗin. Da na jona ARC shiru ba sauti, sai da na shiga saiti na sauya mafitar sauti daga sifikar talabijin zuwa HDMI. Wufar tana gaba kamar yadda Hajiya ta ce, na rage ta sosai, na ɗaga sifikar tsakiya da maki uku, na kunna saitin dare. Daren jiya Baba ya kalli labarai daga kujerarsa ta da, yara ba su motsa ba, har ya juyo yana gyara mini sunan wani gari da mai karanta labaran ya faɗa ba daidai ba. Baba dattijo, na karɓi shawararka, ranar Litinin zan kai shi awon kunne in Allah Ya yarda.