Medicaid da fursunoni a Amurka: me ya sauya?

Sadiya: Assalamu alaikum. Don Allah masana, wanda aka ɗaure a Amurka, inshorarsa ta Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, tana ci gaba? Idan mai ciwon suga ne, ranar da ya fito ina zai samu insulin?

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Tun 1965 doka ta hana gwamnatin tarayya biyan jinyar wanda ke tsare da kuɗin Medicaid, sai in an kwantar da shi a asibitin waje na awa 24 ko fiye. Ɓarnar ita ce a da jihohi da dama kan soke rajistar mutum ɗungurungum, ya fito hannu wayam, sabuwar takardar nema kuma tana iya cin kwana 45. Daga Janairun 2026 dakatarwa kawai aka yarda, ba sokewa ba.

Hajiya Rabi: Ƙari kan bayanin Malam: a Janairun 2023 aka amince wa Kalifoniya ta fara biyan jinyar fursuna da kuɗin Medicaid kwana 90 kafin saki. Ana haɗa fursuna da jami'in da zai tsara masa ganin likita, a fara masa maganin jarabar ƙwaya irin buprenorphine, a sallame shi da magani na kwana 30. Makonni biyun farko bayan saki su ne mafi haɗari ga mai shan ƙwaya, domin jiki ya daina jure adadin ƙwayar da ya saba.

Bashir: Inda ake tuntuɓe, Hajiya, shi ne gidajen wakafi na gundumomi. Alƙali na iya ba da beli da yamma, mutum ya fita da dare, ofishin Medicaid bai sani ba. Sannan a Texas da Florida, da ba su faɗaɗa shirin ya haɗa da ƙarin manya masu ƙaramin ƙarfi ba, babba marar 'ya'ya galibi bai cancanta ba tun farko.