Wace ce laftof ta farko? Muhawarar masu gyaran kwamfuta a Katsina

Aminu: Salamu alaikum. Yau wani ɗalibi ya kawo gyara shagona a Ƙofar Ƙaura, ya tambaye ni wace ce laftof ta farko a duniya. Na ce masa Osborne 1 ce, wadda ta fito a Amurka a 1981. Ina nan a kan bakana.

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka nemo yaron nan ka gyara masa. Osborne ta kusa kilo 11, kamar akwatin keken ɗinki take, allonta inci 5 kacal, kuma sai an jona ta da wuta. Wa zai ɗora wannan a cinya?

Aminu: Amma Malam, tana da mariƙi, ana tafiya da ita.

Zainab: Yaya Aminu, dubi wadda ke kan teburinka yanzu: murfi ne mai allo da ke kifewa a kan madannai. GRiD Compass ce ta zo da wannan fasalin a 1982, Bill Moggridge ɗan Ingila ya zana ta, har hukumar NASA ta Amurka ta tafi da ita sararin samaniya. Duk hinjin da muke ɗaurewa kullum gadonta ne.

Malam Lawal: Gaskiyarki a kan fasali, 'yata. Sai dai ita ma ba batir, ga kuɗinta ya haura dala 8,000. Ni a wurina batir ne laftof. Shekaranjiya da dare aka ɗauke wuta, ɗiyata na tsakiyar rubuta furojet. Fanka ta tsaya, ɗaki ya yi duhu, ita ko ɗagowa ba ta yi ba, hasken allo na kan fuskarta har ta kai ƙarshen babi. Shi ya sa nake ba Toshiba T1100 ta 1985 matsayin farko: kilo 4, ga batir, kuma tana cin manhajojin kwamfutar IBM.

Bashir: In batir ne Malam, Tandy Model 100 ta riga ta, tun 1983. Batir huɗu irin na rimot take ci, 'yan jarida suka yi ta yawo da ita.

Malam Lawal: Layi takwas allonta ke nunawa, kuma ba ta da murfi.

Zainab: Wurin ɗora tafin hannu ma sai 1991 PowerBook ta Apple ta matsar da madannai baya aka same shi.

Aminu: Na janye Osborne. Amma tsakanin GRiD da Toshiba ban gamsu ba, Malam. Jibi yaron zai zo karɓar kwamfutarsa, don Allah ka leƙo shago da la'asar.