Masu juyi da farin buje a Turkiyya, ibada ce ko wasa?

Maman Hanan:
Salam jama'a, don Allah masu sani ku warware min. Akwai bidiyon da ke ta yawo a Facebook na wasu maza a Turkiyya sanye da farin buje mai faɗi da doguwar hula, suna ta juyawa ba tsayawa, a gefe ga masu sarewa da ganga da mai rera waƙa. Sarewar nan ta taɓa min zuciya wallahi, amma an rubuta wai bikin daren angwanci ne, to ina amaryar? Ni ban ga mace ko ɗaya a filin ba. Ibada suke yi ko wasa ne na 'yan yawon buɗe ido?

Ɗalibi a Konya:
Wa alaikumus salam Hajiya. 'Yan ɗariƙar Maulawiyya ne, mabiya Maulana Jalaluddin Rumi, abin da suke yi kuma da Turkanci "sema" ake ce masa. Babu amarya, shi Maulana ya rasu ne ranar 17 ga Disamba 1273 a nan Konya, kuma ya ɗauki mutuwa a matsayin daren da masoyi zai sadu da wanda ya daɗe yana bege, wato Ubangijinsa, shi ya sa duk shekara ake taro a Disamba a rufe a wannan daren.

Kuma duk abin da kika gani a jikinsu da ma'anarsa. Da baƙar alkyabba suke shigowa, ita ce kabari, doguwar hular dutsen kan kabari ce, farin bujen kuma likkafani, amma likkafanin son zuciya. In za su fara sai su tuɓe baƙar su ajiye, su sumbaci hannun shehi da ke tsaye kan jan buzu, hannuwansu a harɗe a ƙirji, sannan a hankali su buɗe, tafin dama na kallon sama na hagu na kallon ƙasa, ma'ana abin da aka karɓa daga Allah a miƙa wa bayinsa ba a riƙe komai. Na zauna kusa da filin, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun, ba tafi ba shewa, sai sarewa da ƙarar bujen yana kaɗa iska, mutum ya karkatar da kai gefen dama ido a lumshe amma ba ya bangazar na kusa da shi. Da yabon Annabi SAW ake buɗewa, a yi juyi kashi huɗu, a rufe da karatun Alƙur'ani.

Abu Sumayya:
Malam duk na ji bayaninka amma ni gaskiya ban gamsu ba. Ibada ai sai da dalili, kiɗa da rawa kuma malamai da yawa sun yi magana a kai tun da can. Balle yanzu da ake sayar da tikiti a Istanbul Turawa na ɗaukar hoto, ta ina wannan ya zama zikiri?

Ɗalibi a Konya:
Maganar tikiti gaskiyarka ce akhi, su kansu 'yan ɗariƙar abin na damunsu, har a gidajen cin abinci ake ɗauko yara su juya a biya su. Amma akwai yadda aka zo nan, a 1925 gwamnatin Ataturk ta rufe zawiyoyi gaba ɗaya, sai a shekarun 1950 aka bari a dawo da juyin a fili kuma da sunan al'ada, a 2005 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Hukunci kam na bar wa malamai. Ni dai abin da nake so a sani, a da kafin a kira mutum cikakken darwishi, wato ɗan ɗariƙar, sai ya yi kwana 1001 yana hidima a ɗakin girkin zawiya, shara, wanke-wanke, cefane, in ya gudu ya dawo sabon lissafi. Juyin ma a kan allo mai ƙusa ake koya, a sa ƙusar tsakanin yatsun ƙafar hagu a yi ta juyawa wata da watanni. Soyayyar da suke magana kenan, wadda ake cika alkawarinta da jiki.

Baba Ƙofar Mata:
'Yata wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Mu da muka tashi da bandirin Ƙadiriyya a gidan Shehu Nasiru Kabara mun san yadda mai bugu da mai bege da masu amshi suke zama abu ɗaya, in ɗaya ya saki kowa sai ya ji. A Omdurman ta Sudan ma an daɗe ana yin zikiri da ganguna ranar Juma'a da yamma a hubbaren Hamad al-Nil. Su na Turkiyya nasu a natse ne, namu da ɗaga murya. Saɓanin da Abu Sumayya ya kawo kuwa tsoho ne, Imam Gazali ya yi dogon bayani a kan sauraron kiɗa da sharuɗɗansa, Ibn Taimiyya ya soke shi, kowa da hujjarsa.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗalibi don Allah mata suna iya shiga kallo? Maigida na zuwa Istanbul sarin kaya, ina so in roƙe shi mu tafi tare a Disamba.

Ɗalibi a Konya:
Suna shiga sosai Hajiya, iyalai ne ma suka fi yawa. Akwai jirgin ƙasa mai sauri daga Istanbul zuwa Konya, sai dai ku kama masauki da wuri don garin cika yake a makon, kuma ku taho da kayan sanyi masu kauri.